Akwatin Kilishin Baba Tanko

Ku da kuke tsayawa bakin shagona kuna cewa canza ƙwan fitila ba aiki ba ne, a murɗe tsoho a ɗaura sabo kawai, ina jin ku, kuma ban yi fushi ba. Ni kaina ranar da na fara ganin ƙwan LED ya shige ramin da tsohon ƙwan halojin ya fita, ya zauna daram, na ce a raina shi ke nan, sana'armu ta zama ta kowa. Amma a nan cikin Kazaure na ga canjin ƙwai ya kusa raba wani dattijo da wuƙar da yake ci da iyalinsa da ita tun yana saurayi. Baba Tanko sunansa, mai kilishi ne, kuma bai taɓa riƙe waya mai wuta ba a rayuwarsa. Kafin in zo kansa sai kun san inda na samo hannuna, in ba haka ba labarin ba zai zauna muku ba.

A wurin Malam Iliya na koyi wayarin. Gajeren mutum ne mai saurin faɗa, amma ba ya riƙo. Jakarsa ta fata ba ta da kaya da yawa: tasta, filaya, sukundireba babba da ƙarama, baƙin tef, da wata 'yar wuƙa ta fere waya. A aljihun gaba kuma akwai farin ƙyalle wanda ko gumi ba a yarda ka share da shi ba. Na halojin ne. Wannan ƙwai, ga waɗanda ba su riske shi sosai ba, ɗan ƙarami ne mai haske ja-ja da zafi kamar garwashi, ana binne shi a cikin silin ko a saman kanta ya haska wuri ɗaya. In ka taɓa tsurar gilashinsa da yatsa, maiƙon hannunka ya zauna a kai, da ya ɗau zafi nan wurin zai fara ƙonewa. Don haka da ƙyalle ake kama shi. Wanda ya manta kuwa ya sha ranƙwashi, ni ma na sha nawa rabon.

Malam Iliya yana da wata al'ada da muke yi wa dariya a bayan idonsa. Ba ya cire fitila sai ya kunna ta tukuna. Zai tsaya ya dubi inda haskenta yake sauka, ya miƙa bayan hannunsa a ƙarƙashinta ya ɗan jima, sannan ya juya ya tambayi mai gida, "Me ake yi a ƙarƙashin wannan?" Mu yaran shago muka sa wa abin suna gaisuwa. In an je aiki sai mu raɗa wa juna, ku dakata, Malam bai gama gaisawa da ƙwai ba. Wata rana ya ji ni. Bai dake ni ba, cewa ya yi, "Habu, kai ramin kake gani. Ni aikin da fitilar take yi nake nema, don shi zan mayar wa mai gida, ba ƙwai ba." Na ce to, Malam. Ban fahimta ba a lokacin, amma hannuna ya ɗauki al'adar, har yau ba na hawa tsani ban yi ta ba.

Aikin farko da na yi da sunana bayan an yaye ni, a shagon Alhaji Mamman ne, bakin titin da ya wuce Daura. Lemo mai sanyi yake sayarwa da burodi da kayan shayi, amma abin da ke tsayar da motoci a ƙofarsa kilishi ne. Ya sa an ƙera masa dogon akwatin gilashi mai ƙofa ta baya, ya ce yana son wuta a ciki irin ta manyan shagunan Kano. Na jera masa halojin huɗu a rufin akwatin, masu siraran ƙafafu biyu, irin waɗanda ba sa shan wutar layi kai tsaye sai ta cikin 'yar taransifoma. Na ɓoye taransifomar a ƙasa, na bi da waya ta cikin kwanar ƙarfe yadda ido ba zai gan ta ba. Da na kunna, kilishin nan ya yi jawur yana ƙyalli, har wani direba da ya shigo sayen ruwa ya fita da ƙunshi a hannu.

Ba a jima ba Alhaji ya aiko a kira ni. Ya buɗe ƙofar akwatin ya ce, "Habu, sa hannunka. Akwati na ce ka haska mini ko tanda?" Gaskiyarsa ne, ciki ya ɗau zafi. Na huda 'yan ƙananan ramuka a sama don hucin ya riƙa fita, na rufe su da raga saboda ƙuda. Zafin ya ragu amma bai tafi ba. Muka bar shi a kan cewa halin ƙwan ne, aibinsa ke nan, a yi haƙuri da shi. Injin wuta kuwa dama kusan kullum yana aiki saboda firji, don haka fitilun akwatin nan ba su cika hutawa ba.

A nan na san Baba Tanko. Dogo ne, ba ya da yawan magana, gidansa yana bayan gari ta hanyar Roni. Shi da Alhaji Mamman tare suka taso, kuma kilishin shagon duk daga hannunsa yake fitowa. Ranar kasuwa yakan tafi Babura da kansa ya zaɓi cinyar sa, ba ya aike. In ya zauna yanka, yana warware tsoka da wuƙa har ta zama faffaɗa, siririya, kana ɗaga ta kana hango rana ta ciki. Ya shanya a gadon kara, ya tsoma a labu, wato haɗin tunkuza da kayan yaji, ya sake shanyawa, sannan ya nuna wa wuta kaɗan. Matafiya ba su san sunan shagon ba, cewa suke a tsaya wurin kilishin Tanko. Da Allah ya yi wa Alhaji Mamman rasuwa, ɗansa Nasiru ya gaji shagon, ya gaji akwatin, ya kuma gaji Baba Tanko. Ni ma ya gaje ni, domin halojin ba ya daɗewa, musamman in inji yana yi masa hawa da sauka. Duk sanda ɗaya ya mutu ni ake kira.

Da LED ya shigo, ban tsaya jayayya da shi ba kamar yadda wasu tsofaffin abokan aikina suka yi. Na gwada, na gani, na yarda. Abin da halojin mai wat hamsin yake yi, LED mai wat biyar yana yin kusan irinsa. Ba ya ƙona silin, ba ya narka holda, wato mazaunin ƙwan, in wuta ta zo da rauni ba ya komawa kamar aci-bal-bal. Na hau cikin rufin gidaje na ga inda halojin ya gasa katako har ya yi baƙi, ban san abin da ya hana gidan kamawa ba sai tsarewar Allah. Saboda haka duk wanda ya ce muku ni mai son tsohon yayi ne, bai san ni ba. Gidajen da na raba da halojin a tsakanin Kazaure da Gwiwa sun fi waɗanda na taɓa sa wa yawa.

Sai dai shigar ƙwai cikin rami ba ita ce gamawar aiki ba. Akwai wani tsohon ma'aikacin gwamnati da ya gina gida a gindin dutse, falonsa cike da 'yan fitilun silin. Ya sayo LED kwali guda, aka ɗaura masa, da aka kunna sai falon ya kama ƙyafta ido ba tsayawa. Ya ce mini jabu aka sayar masa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙwan lafiyarsa lau, abin da ke bayansa ne." Tsohuwar taransifomar halojin an yi ta ne don kaya mai nauyi. In ka rataya mata ɗan abin da bai kai ta ji a jikinta ba, sai ta riƙa kamawa tana saki. Hanya biyu ce. Ko ka cire ta ka sa wadda aka yi don LED, ko ka fitar da ita gaba ɗaya, ka canza holda, ka sa ƙwai mai kauraran ƙafafu da ake murɗawa, wanda ke shan wutar layi kai tsaye. Ni na fi son ta biyu, don abin da ba ya nan ba ya lalacewa. Kuma in akwai makunnin nan mai rage haske a bango, ku duba kwalin ƙwan ko ya yarda da shi, yawancinsu ba su yarda ba.

Sannan akwai launi, wanda yara ba sa tambaya sam. LED akwai fari fat mai ɗan shuɗi, akwai mai ja-ja irin na halojin. Wani mai shadda a Babura ya cika shagonsa da farin, don ya fi haske a ido. Abokan cinikinsa na ƙetaren iyaka suna zaɓen ruwan toka a cikin shago, su fita rana su ga ruwan ƙasa a hannunsu. Da na je ban yi dogon bayani ba, na ɗaura masa ƙwai biyu kusa da juna na ce ya shimfiɗa yadi ɗaya a ƙarƙashinsu. Shi da kansa ya nuna wanda yake so.

Shekarar da man fetur ya yi tashin da kowa ya ji a jikinsa, ita ce mummunar shekarata a sana'a. Gini ya tsaya, injuna suka yi shiru, duk mai ɗan hali ya koma sola. Za ku ce ai lokacin cinikinmu ke nan, tunda kowa yana fitar da halojin. Ba haka ta kasance ba. Masu kafa sola suna zuwa da mutanensu da ƙwayayensu, su gama komai a yini ɗaya. Kasuwa kuma ta cika da wani LED mara nauyi, kana ɗagawa ka ji kamar ɓawon gyaɗa, babu ƙarfen da ke janye masa zafi a gindi. Yana haske kamar gaske, kafin wata ya zagayo ya dushe. Na ƙi ɗaura shi, mutane suka ce ina da tsada, suka daina kirana. Damina ta same ni a gonata ina noma gero kamar ban taɓa riƙe tasta ba. Raina ya ɓaci a shekarar nan, ba zan ɓoye muku ba, amma ko sau ɗaya ban yi tunanin sayar da jakata ba.

Nasiru ma ya koma sola a wannan shekarar, tun kafin ruwa ya sauka. Bai kira ni ba, ni kuma ban je neman dalili ba. Sai can tsakiyar damina, lokacin marka, ya bugo mini waya ya ce fitilun silin ɗinsa suna rawa. Na je da hantsi, sama a lulluɓe, ƙasa a jiƙe. Ciwon da na sani ne, an bar tsofaffin taransifomomi a cikin rufi. Ina kan tsani ina ciro su sai idona ya sauka a kan akwatin gilashi. Babu faffaɗan kilishin da na saba gani a jere. Wasu 'yan ƙunshi ne a cikin leda, an liƙe bakinsu da inji.

Na ce, "Alhaji ƙarami, ina kilishin Baba?"

Ya ɗan kau da kai. "Malam Habu, Baba ya tsufa. Wannan daga Kano nake sarowa."

"Tsufa kuma? Ba da jimawa ba na gan shi a kan babur da cinyar sa a baya."

"Hawa babur daban, aiki daban," in ji shi. "Tun da ruwa ya zauna, duk abin da ya kawo sai ya yi laushi, ya yi fumfuna. Na farko na yi shiru na zubar. Na biyu na yi masa magana. Na uku wani direba ya dawo mini da shi har cikin shago, a gaban mutane, ya buɗe ƙunshi ga fari-fari a jiki. Ba ya bari ya bushe ne, ko idonsa ne ba ya gani, oho. Na ce masa ya huta haka."

"Da bakinka ka gaya masa?"

Nasiru ya ce ɗan acaɓa ya ba wa tiren kilishin ya mayar masa, da saƙon. Na ci gaba da aikina. Amma abin ya tsaya mini a rai, don damina ba baƙuwar Baba Tanko ba ce. Ya yi ta ratsa ta shekara da shekaru, kilishinsa bai taɓa kunyata shi ba.

Da na sauko na yi azahar, sai na kama hanyar Roni maimakon gida. Na sami Baba Tanko a zaure, zaune a kan buzu. Gadajen karan da yake shanya a kai an jingine su a bango, sun fara baƙi. Wuƙaƙensa suna gabansa a kan tsumma, yana shafa musu mai yana naɗewa. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi jiki. Na ce, "Baba, wannan naɗi haka kamar mai shirin tafiya?"

Ya ce, "Wani mahauci ne a Achilafiya ya ce yana so. Gara su je inda za a more su."

"Kai fa?"

"Ni hannu ya tafi, Habu." Ya ɗaga hannun yana dubawa kamar na wani. "Abin da ya fi damuna, ban ji tafiyarsa ba. Ina yanka yadda na saba, ina shanya yadda na saba, in taɓa in ji ya yi. A kai shago ya ruɓe. In mutum ya kai inda zai taɓa nama ya ce ya bushe alhali bai bushe ba, to ya tashi daga wurin kafin ya cuci wani. Yaron nan bai yi laifi ba. Sunan ubansa yake karewa."

Na tambaye shi ko akwai ragowar na ƙarshen da ya yi. Ya ce akwai falle ɗaya da bai shiga tire ba, yana rataye a madafa cikin takarda, jikoki ake gutsira wa. Ya sa aka kawo. Na karya gefe, ya ce ƙaras. Na sa a baki, kilishin Tanko ne, babu abin da ya ragu. Yini ɗaya aka yanka su, rana ɗaya ta busar da su, wannan yana nan garau, 'yan'uwansa sun ruɓe a shago. Na ce ya ara mini fallen, kuma don Allah kada wuƙa ko ɗaya ta bar gidan nan sai na dawo. Ya dube ni ya ce, "Kai da wayarka, me ya haɗa ka da nama?" Na ce ni ma shi zan je in gano.

Ina shiga shagon na zagaya bayan akwatin na buɗe ƙofar. Masu sola sun yi aiki mai tsabta, ba zan ci haƙƙinsu ba. Sun fitar da halojin huɗun nan, sun liƙa farin LED, waya a miƙe, haske tar. An ce musu a rage cin wuta, sun rage. Na miƙa bayan hannuna a ƙarƙashin fitilar, gaisuwar Malam Iliya. Sanyi na ji. Na shafa gilashin ta ciki, yatsana ya fito da laima. Na danna katakon ƙasa na ji ya fara taushi. 'Yan ramukan da na huda a sama tun zamanin Alhaji Mamman suna nan, amma yanzu ba huci suke fitarwa ba, iskar damina ce take shiga ta zauna.

Na kira Nasiru na ce ya sa hannu. Ya sa, ya ce, "To, me?"

"Da can in ka buɗe nan me kake ji?"

"Zafi mana. Har Alhaji yana cewa tanda."

"To zafin nan shi ne yake riƙe maka kilishi duk damina. Baba yana busarwa ya kawo, fitila ta karɓa ta ci gaba da tsare shi daga danshi. An cire ta, an bar nama a cikin akwati mai gumi. Ko wane ne ya yanka, haka zai yi."

Nasiru ba ya son a nuna masa abu a cikin shagonsa, halin ubansa ne. Ya nuna ledojin ya ce, "Waɗannan fa? A nan suke kwana, ba abin da ya same su."

"An liƙe bakinsu, iska ba ta taɓa su. Farke ɗaya ka ajiye ka gani."

Ya ce shi dai bai yarda ƙwan fitila ne yake yin kilishi ba. Na ce ni ma ban ce shi yake yi ba, kuma ba sai mun yi musu ba. Na fito da fallen Baba Tanko na raba shi biyu a gabansa. Rabi na sa a ƙaramin akwatin da yake ajiye biskit, wanda shi ma LED ne a ciki. Na je shagona na buɗe gwangwanin da nake tara tsofaffin halojin masu rai, na ɗauko ɗaya da ƙyallena. Ban mayar da shi sama ba. A ƙasan babban akwatin na zaunar da shi, cikin holdar tangaran, na kewaye shi da farantin ƙarfe don kada ya taɓa katako ko maiƙo ya ɗiga masa, na ɗora tire mai huji a samansa da tazara. Na ja masa makunni nasa shi kaɗai. Na gaya wa Nasiru batirinsa ba zai ɗauki huɗu ba, amma ɗaya, da rana lokacin da faifan sola yake kawo wuta, ba zai ji komai ba. Farin LED na sama kuma na canza shi da mai ja-ja, don farin yana sa nama ya yi fari-fari kamar mara lafiya. Na ɗora ɗaya rabin a kan tiren na rufe ƙofa.

Ruwa bai ɗauke ba a kwanakin nan. Kafin Juma'a ta zagayo Nasiru ya zo shagona da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ajiye takarda biyu a kan bencina, kowace da rabin fallen nan a ciki. Na cikin akwatin biskit ya yi laushi kamar tsumma, gefensa ya fara furfura. Ɗayan ya karya shi a gabana, muka ji ƙararsa. Ya zauna a bakin benci ya riƙe kai.

"Malam Habu, mutumin da ya ɗauke ni a kafaɗa ina yaro. Ɗan acaɓa na aika masa."

Na ce, "To yanzu ba ɗan acaɓa za ka aika ba."

Ya roƙe ni in raka shi, na raka shi. Tun daga ƙofar zaure ya cire takalmi, ya shiga ya durƙusa har ƙasa, ya ajiye takardun biyu a gaban Baba Tanko. Bai iya dogon jawabi ba. Cewa ya yi, "Baba, laifin akwatina ne, ba hannunka ba. Na yi maka rashin kunya. Ka yafe mini don Allah." Dattijon ya ɗauki mai laushin ya shinshina ya ajiye. Ya ɗauki ɗayan ya karya, ya sake karyawa, yana kasa kunne. Da ya buɗe baki bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba, tambaya ya yi ko wace rana ce kasuwar Babura, alhali ya fi mu sani. Nasiru ya gaya masa. Ya ce, "To ka tashi, gwiwarka za ta yi ciwo. In an samu rana ta leƙo, ka ji ni."

Ran da Baba Tanko ya kawo tiren farko ina shagon, na je ƙarasa ɗaure wayoyin silin. Ya sauka daga babur, ya kwance tiren, ya ƙi bari kowa ya karɓa. Ya zagaya bayan akwatin ya ce in nuna masa abin. Na buɗe ƙofa, na ɗaga tire mai huji, ga ɗan ƙwan nan a zaune cikin farantinsa yana ci. Baba Tanko ya sunkuya ya dube shi sosai. Ya ce, "Wannan ɗan mitsitsin?" Na ce shi ne, da can irinsa huɗu ne a sama, tun zamanin Alhaji.

Ya ajiye tiren a gefe, ya naɗe hannun riga, ya miƙa bayan hannunsa a saman ƙwan. Ban taɓa gaya masa labarin Malam Iliya ba. Ya bar hannun a wurin har ɗumin ya ratsa shi, sannan ya gyaɗa kai.

"Ashe duk shekarun nan mu biyu ne muke aikin," in ji shi, "ban taɓa ce masa sannu ba."

Ya jera kilishinsa falle-falle, ya rufe ƙofar da kansa.